Makullin Mai Shuɗiyar Jamfa

Idan ka shiga unguwar Luggere da ke Jimeta, cikin Yola, ka ce Bawa kake nema, za a tambaye ka wane Bawan, don akwai mai faci, akwai mai goro. Amma ka ce Bawa Mai Diga, ko akuyar unguwa ta san gidan. Shekara arba'in da uku yana haƙar kabari a maƙabartar da ke bayan unguwar, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa haƙa wa mutum ramin da ya yi masa kaɗan ba. Makara kawai zai hango daga nesa ya san tsawon wanda ke ciki. Boko bai yi ba, allon ma iyakarsa abin salla, amma littafin da ke kansa ya fi na gwamnati. Ka ce masa, "Baba, ina kakata?" sai ya tambaye ka da damina ta rasu ko da rani, ya miƙe ya ratsa ciyawa, ya tsaya a kan wata fasasshiyar tukunya ya ce ga ta nan. Wani da sarƙar keke ya yi masa alama, wani da murfin kwano, wani da dutse mai huji.

"Masu biro su zo mu gwada," in ji shi. "Takarda gara ke cinye ta. Kaina fa, wa ya isa?"

Labarin da ya fi son bayarwa shi ne na shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Mutane suka yi ta kwararowa Yola da ƙafa, ƙafafu a kumbure, wata da goyo, wata da zanin jikinta kaɗai. Zauren Bawa ma sai da ya kwashi mutum goma sha huɗu daga Michika. Jita-jita kuwa ta fi mota gudu: sun iso Hong, sun iso Gombi, jibi suna kan gadar shigowa gari. Tasha ta cika maƙil. Masu hali suka kwashe iyali zuwa Abuja da Jalingo, wani ma ya bar tukunya a kan wuta. Maharba na wucewa a bayan a-kori-kura da bindigogin toka da layu har gwiwa, mata na yi musu guɗa, wasu na kuka.

A ranakun ne Alhaji Mu'tasim mai shagon kayan gini, wanda yanzu shi ne ciyaman na kwamitin maƙabarta, ya taka birki a bakin hanya, mota cike da 'ya'ya da katifu.

"Bappa, shigo mu tafi! In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba."

"To ya zo mana," in ji Bawa. "Zai tarar na gyara masa masauki."

Ya ɗauki diga ya haƙa ramuka bakwai a jere, dab da ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani. Wanda ya tambaya sai ya ce na baƙi ne. Baƙin ba su zo ba, sojoji da maharba suka ƙwato Mubi. Har gobe Bawa cewa yake labarin ramukansa ne ya kai musu, shi ya sa suka juya.

Akwai kuma labarin da ba ya bayarwa, na shekarar da ta biyo baya, ranar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta. Tun daga ranar bai ƙara kai gasasshen nama bakinsa ba. In ya zo wucewa ta gaban mai tsire sai ya tsallaka titi. Cewa yake haƙora ne suka tsufa, alhali da haƙoran yake fasa aya busasshiya. Matarsa Kaltume ta san ba haƙora ba ne, amma ba ta taɓa cewa komai ba.

Shekara tara bayan wannan, wata Laraba da hantsi, Bawa na zaune a zaure yana sa wa digarsa sabuwar ƙota, sai ga Kaltume ta dawo daga injin niƙa da wata mace a bayanta. Doguwa ce, siririya, da ɗan kwali a ɗaure irin na matan coci.

"Malam, ga baƙuwa na kawo maka. Zipporah sunanta, Maman Keturah, malamar firamare ce. A injin niƙa muke haɗuwa. Kullum cewa kake ka san kowa, to yau ga ranarka."

"Jam na, lafiya dai, 'yata? Zauna, zauna. In dai a garin nan ya mutu kuma ta hannuna ya bi, ko uwar da ta haife shi ba ta fi ni sanin inda yake ba."

Matar ta zauna a bakin tabarma, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Baba, ni ban ma san ko ya mutu ba."

Sai ta fara. Mijinta Othniel ma'aikacin ofishin gona ne, mutumin Numan. Ranar bam ɗin tana Numan tana jinyar mahaifiyarta. Shi kuma ya shiga kasuwa don ya sayo wa 'yarsu Keturah takalmin makaranta, bai dawo ba. Kafin a buɗe hanyoyi ta iso Jimeta, kwana biyu sun wuce. Ta je inda aka ajiye gawawwakin da suka rage, ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, babu shi.

"Wasu suka ce an kama shi cikin ruɗani. Wasu suka ce ƙwaƙwalwarsa ce ta juye ya shiga duniya. Wata ma ta zo har gida ta ce wai an gan shi a Garwa da wata mace." Ta yi 'yar dariyar da ba ta kai ido ba. "Danginsa sun ce ba gawa, ba makoki. Fasto ya ce ba zai karanta wa mai rai addu'ar matattu ba. Duk inda na ji an sako mutane sai in hau mota in je in duba fuskoki. Ni ba matar aure ba, ba mai takaba ba. Ko kwaɗon ƙofa ban canza ba, Baba, kada ya dawo makullinsa ya ƙi buɗewa."

"Allah sarki," in ji Bawa. "Amma 'yata, ai naku ba ya zuwa wurina. Ku da taku maƙabartar."

"Faɗa masa kayan da ya sa," in ji Kaltume, idonta a kan mijinta.

"Shuɗiyar jamfa da hula. Keturah ta gan shi da ya fita. Haka yake son sawa, har abokan aikinsa na yi masa tsiya suna ce masa Modibbo, wai ya zama malamin Musulunci."

Hannun Bawa ya tsaya a kan ƙota.

Ranar ta dawo masa duka, har da warinta. Washegarin bam, fuskoki da yawa ba sa ganuwa, ga zafi, ga jama'a na matsa lamba a yi sutura kafin rana ta yi nisa kamar yadda addini ya ce. Waɗanda ba a sami mai su ba, sai aka raba su da ido: mai jamfa a miƙa wa Musulmi, mai shat da wando a jira mutanen coci. Ba a yi musu wanka ba, da kayan jikinsu aka naɗe su a likkafani. Bawa ne a cikin rami yana karɓa. Na ƙarshen layi, wanda ke jikin katangar kudu, da ya sassauta masa ɗauri zai juya shi kan damansa, sai shuɗin yadi ya leƙo, wani abu ya zame daga aljihu ya faɗo masa a ƙafa. Makullin kwaɗo ne, da ɗan gicciye na katako a jikinsa, gefe guda ya ƙone.

Ya ɗaga kai. Sama da shi maza ne ɗaruruwa, idanu jajur, kowa na neman wanda zai huce a kansa. Da ya buɗe baki, da an ciro mutumin nan an sake jefa shi a bayan mota, Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya. Bawa ya ce a ransa, bam ya wurga bawan Allahn nan sau ɗaya, ni ba zan wurga shi na biyu ba. Ya taka makullin da ƙafa, ya gyara wa mutumin kwanciya, ya jera itace, ya sunkuya kamar mai gyaran laka ya sa abin a aljihu.

"Kaltume," in ji shi yanzu, "ba ni ruwa."

"Ruwan na cikin gwangwanin da ke ƙarƙashin gadonka, Malam."

Ta san da gwangwanin, don ita ta tsince shi tana shara shekarun baya, har ya ba ta labarin ya ce ta rufe bakinta. Ya harare ta, ta harare shi. Aure na shekara arba'in ba ya tsoron harara. Ya tashi, gwiwoyinsa na ƙara, ya shiga ciki ya fito da tsohon gwangwanin madara, ya zazzage shi a kan tabarma.

Zipporah ba ta taɓa shi da farko ba. Ta kwance haɓar zaninta ta ciro nata makullin, ta ɗora shi a kan wancan. Haƙoransu suka hau juna, babu ɗaya da ya leƙo. Sai ta ɗauki gicciyen ta shafa gefen da ya ƙone da babban yatsa.

"Ni na saya masa," ta ce. "A taron mata na Numan."

Bawa ya ba ta labarin tun daga farko, bai rage komai ba. Ya jira kuka, kukan bai zo ba. Ta dube shi ido cikin ido, abin da 'ya ba ta yi wa uba.

"Shekara tara, Baba. Yana ƙarƙashin gadonka."

"Na nema, 'yata! Wallahi na nema. Ran Lahadin da ta biyo na sa babbar rigata na tafi cocin da ke bakin titi. Kin san lokacin, kowa tsoron kowa yake. Samari a ƙofa da ƙarfen nan na binciken jiki mai kuka, suka hango tsoho da babbar riga da hannu a aljihu, sai ihu. Suka sa ni na ɗaga hannu, suka tuɓe mini riga a gaban mata. Ni, Bawa! Kafin in ce uffan sun ce in ɓace."

"Sai ka koma wani cocin?"

Bawa ya dubi bango.

"Sau nawa ka je, Baba?"

Mutumin da ke da amsar kowace magana a Luggere ya laluba bakinsa bai sami komai ba sai gaskiya.

"Sau ɗaya. Zuciya ce ta ci ni. Wannan kam laifina ne, ba na bam ba."

Ta ɗaure makullan biyu a haɓar zani, ta miƙe.

"Kai ni wurinsa."

"Malam," in ji Kaltume a hankali, "ka san mata ba sa shiga."

"Na sani mana. Ba ni ke korar su ba?" Ya buga sabuwar ƙotar da ƙasa sau biyu ta zauna daram, ya saɓa digar a kafaɗa. "Taho, 'yata."

Rana ta fara zafi lokacin da suka isa. Kamar an shirya, ga Alhaji Mu'tasim a ƙofa da farar shadda, yana tsaye kan magina huɗu da ke ƙara wa katangar tsawo.

"Bappa Bawa, jam? Lafiya na ga mace a ƙofar maƙabarta?"

"Mijinta ta zo gani."

Alhaji ya dubi ɗan kwalin Zipporah, ya dubi Bawa. "Mijinta? A nan?"

Da wani ne, da ya ja Alhaji gefe ya yi masa raɗa. Amma Allah bai halicci Bawa da ƙaramar murya ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya faɗi komai a tsaye, har maginan suka ajiye kwanon siminti suka matso.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Alhaji. "Ka san wannan ka yi shiru shekara tara? Kana nufin mun yi wa wanda ba Musulmi ba salla?"

"Ka yi kuwa. A sahun farko kake, na gan ka."

"Bappa, ba wasa nake ba! Dole a kira malamai. Dole a ciro shi a mai da shi wurin nasu." Ya juya ga Zipporah, ya sassauta murya. "Madam, ki yi haƙuri, wallahi ba ƙiyayya ba ce, ƙa'ida ce. Kuma kin san garin nan. In maganar ta fita a karkace, ashana ɗaya ta ishe shi."

"Ban zo ɗaukarsa ba, Alhaji," in ji ta. "Ya gaji. In ga wurin kawai."

"A ciro shi," in ji Bawa, yana jan maganar kamar mai ɗanɗana miya. "To madalla. Wa zai ciro? Kai da farar shaddar nan? Ko waɗannan da ko bulo ba su iya jerawa a miƙe ba?"

"Haba Baba, mu kuma me muka yi?" in ji babban maginin.

"Za a sami mai haƙa," in ji Alhaji. "Ba kai kaɗai ke da diga a Adamawa ba."

"Diga kam kowa na da ita. Amma bari in tambaye ka, Ciyaman. Wa ke kwance kusa da shi?"

Bawa ya amsa wa kansa.

"Muhsin ne. Ƙanenka, mai sayar da wayoyi a bakin kasuwa. Duk Salla ni ke kai ka kansa, ba ka taɓa tambayar wane ne maƙwabcinsa ba. Ranar nan rami goma sha ɗaya muka haƙa kafin azahar, ba lokacin awo. Ƙasar da ke tsakaninsu ba ta fi faɗin tafin hannuna ba. Ka sa diga a na wancan, bango ya rufta, ka ga Muhsin. Kana so ka sake ganinsa kamar yadda ka gan shi ranar?"

Fuskar Alhaji ta canza. Shi ne ya gane ƙanen nasa ranar, kuma ba da fuska ya gane shi ba, da zoben azurfa ne. Ya ciro hankici ya goge wuya, ya sake gogewa.

Bawa bai sassauta ba. "Wanda ya ɗaura wa kansa abin nan ya shiga kasuwa, ka ji an ce ya tsaya a ƙofa yana tambayar wa ke zuwa masallaci wa ke zuwa coci? Haɗa su ya yi ya niƙa. Shekara tara suna kwance kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa jin hayaniya daga layin nan ba. Yanzu mu da muka rage mu ɗauko diga mu ƙarasa masa aikinsa? Lokacin da suka ce jibi suna kan gada ban matsa ko taku ɗaya ba, kai shaida ne, ta tagar mota ka gan ni. Ba su sa na gudu ba, ba za su sa in tone mutumin da na kwantar ba."

Ɗaya daga cikin maginan ya yi tari don ya ɓoye dariya a kan maganar tagar mota. Alhaji ya ji, ya share.

"Na ji," ya ce a ƙarshe. "Maganar tonewa a bar ta tukuna. Amma mace ba za ta shiga ba, Bappa. Wannan ba ni na kafa ba, ba kuma ni zan rushe ba."

"Wa ya ce maka za ta shiga?"

Bawa ya juya wa ƙofar baya, ya yafito Zipporah, ya bi jikin katanga ta waje. Alhaji da maginan suka biyo su, har da masu wucewa biyu-uku da wani mai keke-napep da ya kashe injinsa don kada a ba shi labari. Suka sha kwana zuwa katangar kudu, inda wata darbejiya ta jingina. Daga gindinta Bawa ya fara taku yana ƙirgawa a fili. A na ashirin da uku ya tsaya, ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga diga.

"Baba! Baba, tsaya!" babban magini ya yi ihu. "Jiya-jiya muka yi filastar nan!"

"Shi ya sa za ta yi sauƙin fita."

Dukan farko ya tsaga filasta. Na biyu ya shige tsakanin bulo da bulo, can ƙasa dab da tushe. Tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya, amma da ka ga saukar digar nan ka san ba yau suka fara gaisawa da ƙasa ba.

"Wallahi kwamiti zai zauna a kanka!" in ji Alhaji. "Ɓarnar kayan jama'a ce wannan. Za a karɓe digar nan a sallame ka!"

"Digar ta ubana ce, ba ta kwamiti ba. Ku zauna, ku sha lemo, ku sallame ni. Amma ku taho da kwanduna ku kwashe abin da ke kaina, don ranar da na tafi, rabin Jimeta sun yi sallama da iyayensu ke nan. Sai ku riƙa yi wa ciyawa addu'a."

Bulo na farko ya faɗo waje. Haske ya ratsa ta hujin. Alhaji ya matso da niyyar riƙe ƙotar, sai idonsa ya faɗa ciki. Ga tudun kabari, an share shi tas babu ko tsinken ciyawa, da wani tsohon kofin silba a kife a kansa. Dab da shi ga wani tudun da koren murfin tukunya, wanda Alhaji ya sani sarai, don a gabansa yake tsugunawa duk Salla.

"Wa ke share wannan?" ya tambaya, yana nuna mai kofin.

"Wa kake zato? Ba mai zuwa masa, sai na zama danginsa."

Alhaji ya daɗe a sunkuye. Da ya miƙe, bai dubi kowa ba.

"Bulo biyu," ya ce. "Kada ka wuce biyu."

Bawa ya cire uku. Ya sa hannu ya kwashe ɓaraguzan, ya karkaɗe gefen ramin don kada ya yanke ta, sannan ya ja da baya.

"Bismilla, 'yata. Ƙafarki na waje, ba wanda zai ce kin shiga."

Zipporah ta durƙusa a cikin ƙura da zaninta na makaranta. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. Sannan ta zura hannu har kafaɗa, kumatunta a manne da siminti, har tafinta ya sauka a kan ƙasar.

"Baba, ina kansa?"

"Ga shi nan ƙarƙashin hannunki. Kansa kudu, fuskarsa gabas. Da hannuna na gyara masa kwanciya. Ko gwamna ba zai sami wadda ta fi ta ba."

Sai ta fara magana da yarensu na Numan. Bawa ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya yi aure shekara arba'in, ya san muryar mace in tana yi wa miji faɗa. Faɗa take yi masa sosai, tana bubbuga ƙasar da tafi kamar mai tashin wanda ya makara. Can sai ta juya Hausa, ko don waɗanda ke tsaye su ji.

"Takalmi aka ce ka sayo, Othniel. Takalmi kawai. Yarinyar ta gama sakandare, ta fi ni tsawo. Ni ina ta yawo gari-gari ina duba fuskokin mutane, ashe kana nan bayan Luggere ka yi kwanciyarka."

A nan muryar ta karye. Kukan da ya ƙi zuwa a zaure ya zo, irin wanda ke fitowa daga ciki ba daga maƙogwaro ba. Maginan suka sunkuyar da kai. Mai keke ya cire hularsa, ya rasa abin da zai yi da ita, ya mayar. Alhaji Mu'tasim ya juya baya yana kallon darbejiya, kafaɗunsa na motsi.

Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Bawa ya hana da ido. Ya san aikin nan: kuka kamar rami ne, in ba a kai ƙasansa ba, rufta wa mutum yake yi daga baya.

Da ta gama, ta zaro hannun, ƙasa ta manne a tafinta. Ba ta karkaɗe ba. Da ɗaya hannun ta ciro waya daga jaka, ta latsa, ta kara a kunne.

"Keturah? Ke, saurara. Ki je gidan Fasto yanzu, ki ce ya sa rana. Ki kira su Baba Apollos, dangin babanki a Numan, ki ce su shirya makoki." Ta saurara, sannan ta ce, da murya a miƙe, "E. Na gan shi. Babanki ya mutu."

Ta kashe wayar. Ta dubi Bawa, ta ɗan rusuna.

"Useko, Baba, na gode. Ran Lahadi zan kawo ta."

"Ki kawo ta. Ramin na nan."

Babban magini ya matso yana sosa ƙeya. "To Baba, mu yanzu ya za mu yi da wurin? A toshe ko a bari?"

"Ka yi masa baki mai kyau, ka shafe gefen da siminti. In na dawo na tarar ka toshe, da kai zan sake buɗe shi." Ya saɓa digarsa, ya juyo ya ga mutane sun ƙaru, sun kai ashirin, kowa ya miƙa wuya. "Ku kuma me kuke kallo? Ba ku taɓa ganin mace ta gai da mijinta ba? Ku watse ku nemi abin yi. Dukanku hannuna za ku zo, ba sai kun yi layi tun yanzu ba!"